Ɗakin da Na Gina wa Saniyar Inna

Ni mutum ne mai saurin fushi, ga kuma takardar shaidar karatun aikin gona. Ko ɗaya daga cikin biyun nan ya isa ya wahalar da gida, ni kuwa Allah ya haɗa mini su duka. Wadda ta fi kowa ɗanɗana kuɗarsu wata saniya ce da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Saniyar ta Inna ce, mahaifiyarmu. Fara ce sol, mai baƙin kunne, da ƙaho ɗaya da ya ɗan karkace. Mu jikokin makiyaya ne da suka jingine sanda suka kama fartanya, tun zamanin kakanmu aka kafa gida a gefen Madadi. Ranar da aka kawo Inna amarya daga Dugabau, mahaifinta ya sa aka koro karsana a bayanta, kamar yadda yake yi wa kowace 'yarsa. Waccan karsana ta haihu, 'yarta ta haihu, jikarta ma haka. Inna takan jero su uwa da 'ya ba ta tuntuɓe, alhali in aka ce ta jero jikokinta sai ta yi ta musanya su. Shekaru suka yi ta cin garken. An sayar da wasu a shekarar da hatsi ya yi wuya, an yi hidimar aure da wasu, ciwo ya kwashe wasu. Aka wayi gari daga wannan tsatso sai mai baƙin kunne kaɗai. Ta haihu sau ɗaya, namiji, daga nan damina uku shiru. In ta tafi ba ta bar mace ba, abin da Inna ta zo da shi daga gidan ubanta ya ƙare ke nan.

Yayana shi ke riƙe da gida da gona. Shi ne ɗan fari, don haka tun da nake ban taɓa jin Inna ta kira sunansa ko ta dube shi ta yi masa magana ba. In tana da saƙo sai ta faɗa wa wanda ke kusa. In babu kowa, ta faɗa wa turmi, ko kyanwa, amma galibi saniyar take faɗa wa. Shi ma ya iya nasa. Da haka suka yi shekara hamsin suna fahimtar juna fiye da mu masu magana baki da baki.

Wata kaka, bayan an gama shigar da dawa, na zo daga Gwarzo inda nake koyarwa. Yaya ya tsuguna nesa kaɗan da tabarmar Inna, ya dube ni.

"Malam, a gaya wa Inna saniyar nan juya ce. Ni ke yankan ciyawa, ni ke ɗaukar harawa, ga ta duk ƙasusuwa. Gara a kai ta kasuwar kara tun tana da sauran mamora."

Tsakaninsa da Inna bai fi taku huɗu ba. Ta juya wajen turke, ta ce da saniyar, "Kin ji, wai ke juya ce. A gidanku ba a taɓa yin juya ba. Ki ce a ƙara miki shekara."

Yaya ya ce da ni, "A ce mata an ƙara. Amma in kaka ta zagayo babu ciki, kada a ga laifina."

A nan ne na yi gyaran murya. Na ce ai abin kunya ne a ce gidan da ke da malamin aikin gona ana wannan magana. Na ce a bar mini ita. Inna ta ci gaba da tsince wakenta, na ɗauka amincewa ce.

A littafin da nake koyarwa da shi akwai hoton wata saniya a tsaye cikin ɗaki mai tsabta, ga kwamin abinci, ga na ruwa, tana kallon mai hoto kamar ta ci jarrabawa. Shekara da shekaru ina nuna wa ɗalibai hoton nan, ban taɓa tambayar kaina a wace ƙasa aka ɗauke shi ba, ko kuma sanyi ake yi a can ko zafi. Na kira magini. Muka tayar da bango na bulo, aka yi daɓen siminti, aka rufa kwano, aka bar 'yar taga da ko tulu ba zai shiga ta cikinta ba. Har farar ƙasa na sa aka shafa. Ɗakin ya fi na Yaya kyau, kuma bai ɓoye mini cewa ya lura ba.

Na shigar da ita, na ɗaure. Na hana a fitar da ita kiwo, don a lissafina yawo yana cinye ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen ɗaukar ciki. Na rubuta jadawalin abinci na manna a ƙofa: dusa da safe, harawa da hantsi, angurya da yamma. Da farko abin ya yi kyau. Haƙarƙarinta ya ɓace, tozo ya miƙe, fata ta yi sheƙi. Sai dai ta koyi kuka. Duk sanda shanun maƙwabta suka wuce ta burtali, sai ta ɗora baki a tagar nan ta yi ta rusa kuka har su ɓace. Ni kuwa in na zo ƙarshen mako na tarar tana wannan, sai raina ya ɓaci. Na gina miki abin da ko ni ban mallaka ba, sannan ki saka mini da kuka? Nakan daka mata tsawa. In ta zame a simintin, wanda kullum a jiƙe yake, in ƙara daka mata wata don ta ɓata mini daɓe. Ba a jima ba ta gane ƙarar babur ɗina. Da ta ji shi sai ta daina tuƙa, ta koma lungu ta tsaya.

Wajen tsakiyar rani na fara lura ina da farin jini. Wani mahauci da muka yi shekara goma gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu ba, sai ga shi har gida ranar Asabar.

"Malam, barka da hutawa. Ina gajiya? Ya makaranta? Ya ɗalibai? Ya iyali? Ya jikin Inna? Madalla, madalla."

Duk gaisuwar nan da ni yake, amma idonsa yana cikin taga. Ya nemi izini ya shiga, ya dafa gadon bayanta, ya matsa gindin wutsiya, ya yi salati.

"Malam, ilimi ilimi ne. Na shekara talatin ina fawa, ban ga wanda ya iya turka kamarka ba. Wannan ai kitsenta kaɗai ya isa biki."

Na ce masa ba ta yanka ba ce, ta haihuwa ce. Ya ce haka ne, haka ne, Allah ya kawo masu albarka. Asabar ta gaba ya dawo da rake. Ta gaba da ita ya zo da abokinsa. Na san ruwa ba ya tsami banza, amma yabo yana da daɗi, na yi ta shan rakensa. Yaya kuwa ya daina maganar sayarwa gaba ɗaya, sai murmushi. Daga baya na gane dalili. Shi da ya so kai ƙasusuwa kara, ga ni ina shirya masa kaya mai tsoka, da aljihuna.

Saura maganar bijimi. Bijimin da ke gidan na Yaya ne, ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu. Da damina yana jan garma, da rani yana jan amalanke: taki zuwa gona, yashi zuwa gidan mai gini, kara, itace, har kayan amarya in an roƙa. Wuyansa duk kanta. Na duba kalanda na tsayar da ranar barbara, na zaɓi Asabar da la'asar, don ita ce ranar da ba ni da aji. Ban tambayi saniya ba, ban tambayi bijimi ba. Na dai gaya wa Yaya ya kawo shi ƙarfe huɗu daidai.

Ya kawo shi kuwa, kai tsaye daga jigilar taki sawu shida. Labari ya riga ya zaga, maƙwabta sun jeru a kan katanga, har da mahaucin. Aka tura bijimi cikin ɗaki. Ya tsaya ya dubi saniya, ita ma ta dube shi. Sai ya hango kwamin dusa. Ya wuce ta kamar bai ga kowa ba, ya sa kai, bai ɗago ba sai da ya lashe kwamin tas. Daga nan ya sha ruwanta, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya durƙusa, ya kwanta, ya lumshe ido.

Wani daga kan katanga ya ce, "Malam, ko a ƙara masa minti goma, kamar a jarrabawa?"

Idona ya rufe. Na fizge tsumagiyar da ke hannun Yaya na faɗa ɗakin ina ihu. Ban kai ga bijimin ba. Simintin da na kashe wa kuɗi ya kwashe ƙafafuna, na zauna daɓas a cikin abin da shanu biyu suka ajiye, da farar shaddata ta zuwa ɗaurin aure. Saniyar ta firgita ta yi tsalle har igiya ta shaƙe ta. Bijimin ya buɗe ido ɗaya, ya ga ba abin tashi ba ne, ya mayar. Mutum biyu sun faɗo daga katanga don dariya, ɗaya har ya gurɗe ƙafa, kuma ban je duba shi ba.

Bazara ta shigo da zafinta. Saniyar ta rage cin abinci, tana haki, harshe a waje. Na ce taurin kai ne. Wata Lahadi bayan azahar, Inna ta kira ni. Ni ba ɗan fari ba ne, tana iya duban idona, kuma ta duba.

"Malamin makaranta, ɗauki kujerar nan ka shiga ka taya ta hira zuwa la'asar. Ni ƙafafuna sun hana."

Ba a yi wa uwa musu. Na shiga, ta jawo ƙofa ta sa sakata ta waje. Ban yi minti biyar ba gumi ya jiƙe mini riga. Kwano yana ƙara don zafi, zarnin fitsari yana shiga ido, ƙudaje sun rufe mu ni da ita ba bambanci. Iska ko ta hura wuta babu. Saniyar tana lungu tana kallona, jikinta yana ɓari, don ba ta taɓa ganina a kusa ba tare da tsawa ba. Da na sunkuya sai na ga kaska sun yi jere a ƙarƙashin wutsiyarta da bayan hantsa, manya-manya, sun ƙoshi. Wata huɗu ina auna dusa da mudu, ban taɓa duba wajen ba. Kofatonta sun yi tsawo sun lanƙwashe don rashin tafiya. Shanun maƙwabta suka wuce, ta yunƙura za ta je taga, ta tuna ina nan, ta fasa. Wannan ya fi zafin ƙona ni. Na buga ƙofa.

Inna ta ce daga waje, "La'asar ba ta yi ba."

Na ce, "Inna, don Allah."

Ta buɗe. Na fito kamar wanda aka tsamo daga rijiya, na kwankwaɗi moɗa biyu. Ta bari na huce, sannan ta ce, "Kai rabin sa'a ka yi. Ita wata huɗu. Da yayanka ya bar ta da yunwa, kai ka zo ka toshe ta da kitse ka kulle. Wace mace ce za ta ɗauki ciki ga zafi, ga kaɗaici, ga mai ihu a kanta? Shi kuma wancan bawan Allah da kuka kawo mata, barci yake nema, ba aure ba."

Na ce to me ya sa ba ta faɗa tun farko ba.

"Da na faɗa, da ka ɗauko littafi."

Gaskiya ne, da na ɗauko. Kunya ta ishe ni, kuma tsoro ya kama ni, don na cinye rabin shekarar da aka ba ta, saura wata shida.

Da ruwan farko ya sauka aka kora ta Dugabau, wajen Kawu, ƙanin Inna, wanda har yau yake da ɗan garkensa a bakin fadama. Tafiyar da ya kamata a yi a wuni sai da aka kwana a hanya, don tana taku goma tana tsayawa ta huta kamar hajiyar da ta sauko daga mota. Inna ta aika da sharaɗi ɗaya: kada a bar ni in matso kusa da ita.

Na yi haƙurin mako uku, na kasa, na hau babur. Tun daga nesa na hango Kawu yana ɗaga mini sanda. Ya tare ni a burtali.

"Ɗan makaranta, kashe abin nan. Tun kana bayan gari ta daina kiwo."

Ya ajiye ni a bayan wata tsamiya, ya ce in leƙa daga nan, kada in yi tari. Mutum da gemunsa, mai ɗalibai aji shida, na wuni a laɓe ina leƙen saniyar uwata. Amma na ga abin da ban taɓa koyarwa ba. Sandar Kawu ta dogarawa ce, ban ga ya ɗaga wa dabba ita ba. Magana yake yi musu ƙasa-ƙasa, su bi shi. Da sassafe ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cire kaska, ya zuba musu kanwa. Rana na take ya kai su inuwa su kwanta su yi tuƙa, mashaya sau biyu, ba gudu ba kora. Bijiminsa bai taɓa sanin karkiya ba, aikinsa kiwo da zagaya mata yana shinshina. Tamu kuwa ta zube, kitsen da na tara duk ya tafi. Sauran shanun sun tunkuɗe ta kwana biyu, sannan ta sami ƙawa, wata ja mai guntun ƙaho, ko'ina tare. Na gan ta kwance tana tuƙa, ido a lumshe, ƙawar tana lasar mata wuya.

Na tambayi Kawu ranar da ya tsayar don barbara. Ya dube ni.

"Ni a su wa? In lokacinta ya zo ko wuni ba ya cikawa, kuma ba ya jiran Asabar. Shi ya sani, ita ta sani. Namu mu bar su su ƙoshi, hankalinsu ya kwanta, mu kau da kai."

Kaka ta zagayo. Yaya mutum ne mai cika magana, ya ce mu je Dugabau. Mahaucin ya ce shi ma dama yana da ziyara a can, ya biyo mu. Da ya ga saniyar sai fuskarsa ta canja, ya ce wa ya yi wa Malam wannan ɓarna. Kawu ya ce wata uku ke nan ba ta nemi bijimi ba, ciki ne da ita. Yaya ya ce shi bai ga ciki ba, ya ga ma ta fi da rama. Aka kira malamin dabbobi daga Kabo. Da ya sauka daga babur sai ya rusuna har ƙasa, ashe na koyar da shi. Na roƙi Allah kada ya tuna hoton nan na littafi.

Ya sa doguwar leda a hannu, Kawu ya riƙe kanta yana yi mata magana, ni kuma aka mayar da ni bayan tsamiyata. Ya zura hannu har kafaɗa. Ya dubi sama, ya karkata kai. Ban taɓa jiran sakamako da bugun zuciya irin na ranar ba. Inna nake tunani, tana can gida a kan tabarma, ta kwana biyu ba ta cin abincin kirki.

Ya zaro hannu ya ce, "Akwai. Zai yi wata uku."

Na manta sharaɗi, na yi kabbara da ƙarfi, garken gaba ɗaya ya watse. Sai da Kawu ya yi rabin sa'a yana tattaro su, kuma bai yi mini sallama ba da za mu tafi. Mahaucin ya ce Allah ya raba lafiya, da muryar mai ta'aziyya. Tun daga ranar gaisuwarmu ta koma ɗaga hannu.

Ciki kam ya tabbata, amma tsugune ba ta ƙare ba, don in namiji ta sake haifa, muna nan inda muke. Ga jikin Inna ya fara ƙi. Tun cikin sanyi ta kwanta, da bazara ko ƙofar ɗaki ba ta iya fitowa. Kullum na shiga gaishe ta, tambayarta ɗaya, ko an zo daga Dugabau. Na daina faɗa a gidan, ba don na gyaru ba, sai don babu wanda nake jin haushi kamar kaina. Da ban ɓata wata shidan nan ba, da tuni ta ga abin da take jira.

Gab da saukar ruwa saƙo ya zo: ta haihu, mace. Yaya ya fara shiri. Ya ba bijiminsa hutun kwana biyu, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya ɗaura amalanke ya tafi. Ya dawo da 'yar maraƙar a kwance kan ciyawa, uwar tana biye tana shinshinar ta, Kawu a baya da sandarsa. Yaya ya rungumo ta da kansa, ya shiga har ɗakin Inna, ya durƙusa ya ajiye a gaban gadonta, ya kau da kai.

Fara ce, da baƙin kunne. Inna ta miƙa hannu ta kama kunnen, ta daɗe tana murzawa. Ta jero su tun daga karsanar da aka koro a bayanta har zuwa wannan, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta ce ta ba 'yata ta fari maraƙar, a kora mata ita ranar da za a kai ta gidan miji. Sannan ta jawo kan 'yar maraƙar kusa da bakinta.

"Ki gaya wa wanda ya ɗauko ki, na gode, Allah ya yi masa albarka, ya ba shi masu yi masa." Yaya ya sunkuyar da kai. "Shi kuma na makarantar, ki ce shi ma Allah ya yi masa albarka. Amma kada ya gina miki komai."

Muka yi dariya da hawaye, har Kawu. Inna ba ta ga kakar wannan shekarar ba.

Ɗakin yana nan. Mun gwada zuba kaji suka ƙi kwana a ciki, yanzu barkono ake shanyawa, kuma yana bushewa da wuri. 'Yar maraƙar ta girma a Dugabau, ta yi haihuwa biyu, duka mata. Nakan je duba su in an yi hutu. Tun daga bakin burtali nake kashe babur in tura shi da hannu, in je bayan tsamiya in zauna, in yi shiru.